Likita Ya Amsa: Aibin Haihuwar Asibiti da Lambar Raunin Tsoka

Tambaya: Likita, cikin fari gare ni, wata bakwai. Haihuwar asibiti ba ta da nata aibin ne?

Amsa: Tana da shi, 'yar'uwa, babbansa kuwa gaggawa. Naƙudar fari takan ja lokaci, amma da an ga bakin mahaifa bai buɗe santimita 1 a kowace awa ba, sai a ɗaura ruwan naƙuda. In ruwan ya yi yawa, mahaifa ta riƙa murɗawa babu hutu, jinin da ke isa ga jariri ya ragu, bugun zuciyarsa ya sauka, a ƙare da tiyatar da tun farko ba a buƙace ta ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ma'auni shi kaɗai bai isa dalilin gaggauta naƙuda ba, ba ta kuma yarda a yi wa kowace mace ƙari ko a danna mata ciki ba. Kwanciya rigingine ma matsala ce, domin nauyin ciki na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Ga kuma ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani da ake iya ɗauka a asibiti.

Tambaya: To, in haihu a gida ke nan?

Amsa: Ban ba ki wannan shawara ba. Jini in ya ɓalle bayan haihuwa, ya kai rabin lita, mintuna ake ƙirgawa, kuma allurar tsayar da shi da ƙarin jini a asibiti suke. Ki je, amma ki nemi a bar miki mai rakiya, a bar ki ki zagaya, a kuma gaya miki dalilin kowace allura.

Tambaya: Ni ma'aikacin adana bayanan majinyata ne. Wace lamba zan ba raunin tsoka, wato rashin ƙarfinta?

Amsa: Malam, fara duba abin da likita ya rubuta. A tsarin ba cututtuka lambobi na Amurka, wato ICD-10-CM, M62.81 ta raunin tsokar jiki gaba ɗaya ce, R53.1 kuwa ta kasala da rashin ƙarfi, kuma ba a haɗa su. Wani kuskure da ake yi shi ne a sa lambar alama alhali an gano cutar. Shanyewar ɓarin jiki tana ƙarƙashin G81, wadda ta saura bayan toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa kuwa I69.35, da ƙarin adadin da ke nuna ɓangaren. Zaizayewar tsokar tsufa M62.84 ce. In rubutun bai fayyace dama ko hagu ba, ka mayar wa likitan fayil ɗin ya cike, kada ka yi kintace.