Amsa: Tarakta mai fetur tana sassarƙewa idan ta yi zafi

Malam, ka ce tsohuwar taraktarka tana tashi lafiya da safe, amma da zarar ta ɗauki zafi a fadamar Argungu sai injin ya fara sassarƙewa yana fitar da baƙin hayaƙi. A ganina, kada ka yi gaggawar kwance kafireto, wato inda fetur ke gauraya da iska. Ka fara cire fulogi ka duba bakinsu: idan sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, to fetur ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, kuma galibi ƙurar hunturu ce ta toshe matatar iska. Ka tsabtace ta, ka tabbatar cok, wato marfin da ke rage iskar da ke shiga kafireto lokacin tada inji, ba ya maƙalewa a rufe. Idan matsalar ta ci gaba, sai ka gwada wani koyil, wato na'urar da ke ba fulogi wuta, domin wanda ya gaji wutarsa takan raunana idan ya yi zafi.