Me ya sa nailan mai zaren kabon ke karyewa a kan layi?

Tambaya: Na buga wani maƙali mai siffar L da firinta ta 3D, da nailan mai zaren kabon, na kuma cika cikinsa ɗari bisa ɗari. Ina ɗora masa nauyi sai ya ɓalle a kan layi ɗaya, kamar an sa wuƙa. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, yadda karayar ta fito sumul ya nuna inda laifin yake: a tsaye ka buga shi. Zaren kabon da ke cikin irin wannan roba guntaye ne, ko milimita ɗaya ba su kai ba. Idan robar ta narke ta bi ta bakin nozul, wato ɗan bututun da ke fitar da ita, sai su miƙe su bi inda nozul ɗin ya nufa. Ƙarfinsu duka a tsawon layi yake. Firinta hawa-hawa take gina abu, tsakanin hawa da hawa kuwa babu zaren da ya tsallaka, narkakkiyar roba ce kaɗai ke riƙe da su. Kamar rake ne, yana da wuyar tsinkewa idan ka ja shi, amma tsaga shi ba wuya. Don haka kwantar da maƙalin a gefensa, yadda siffar L za ta fito cikakkiya a kowane hawa, layukan su zagaye kusurwar ba tare da sun yanke ba. Wannan gyara kaɗai ya fi duk sauran tasiri.

Sai danshi, wanda mutane suka fi rainawa. Nailan na shan ruwa daga iska, musamman da damina. Ruwan na zama tururi a cikin nozul, ya bar ƙananan ramuka a cikin layi. Alamarsa ƙarar tas-tas lokacin bugu, da fuskar abu mai kaushi. Busar da ƙunshin robar da ake sa wa firinta a digiri 70 zuwa 80 na Salshiyos na awa 8 zuwa 12, ka kuma riƙa bugawa daga cikin rufaffen akwati. Sabon ƙunshi ma a busar da shi, ledar kamfani ba hujja ba ce.

Zafin nozul ya danganta da irin nailan ɗin, galibi tsakanin digiri 260 da 290. Duba abin da aka rubuta a jikin ƙunshin, ka karkata zuwa na sama, domin sabon hawa sai ya ɗan narkar da na ƙasa kafin su haɗe. Rage fankar da ke sanyaya abin da ake bugawa zuwa kashi 30 ko ƙasa, ka rufe firintar don kada iska ta sanyaya hawa kafin na gaba ya iso. Idan gudun ya yi yawa, robar ba ta gama narkewa ba za ta fito.

Zaren kabon na cin nozul na tagulla, ramin ya buɗe, layi ya daina fita daidai. Sa na ƙarfe mai tauri, mai faɗin milimita 0.6, ya fi na 0.4 wuyar toshewa. Ƙarfe bai kai tagulla isar da zafi ba, don haka ƙara digiri 5 zuwa 10. Kaurin hawa ya tsaya wajen milimita 0.2, idan ya yi kauri, layukan ba sa dannuwa sosai, giɓin da ke tsakaninsu ya ƙaru.

Cikawa ɗari bisa ɗari da ka yi, yawancinta asarar roba ce. Idan abu na lanƙwasa, bangon waje ne ke ɗaukar mafi yawan wahalar. Yi bango mai layi 5 ko 6, ciki kashi 40 ya isa, sannan ka zagaye cikin kusurwar, domin kusurwa mai kaifi daga nan tsagewa ke farawa.

Guntun zare ya fi ƙara tauri, wato hana lanƙwasa, fiye da jure duka. Idan nauyin mai yawa ne, sai firinta mai shimfiɗa dogon zare marar yankewa, irin ta kamfanin Markforged. Ita ma a kwance take shimfiɗa shi, don haka sai ka kwantar da maƙalin ko a can.