Shin ƙungiyar ƙaramar ƙasa abar rainawa ce a zagayen share fage?

Tambaya: Malam, an haɗa ƙungiyar da nake goya wa baya da zakarun wata ƙaramar ƙasa a zagayen share fage na gasar ƙwallon ƙafa ta Kofin Zakarun Afirka. Kowa yana cewa mun riga mun tsallake, amma ni gabana yana faɗuwa, domin bara ma haka aka ce, kuma aka yi waje da mu. Wasu sun ce asiri aka yi mana. Ina gaskiyar lamarin?

Amsa: Ɗan'uwa, faɗuwar gabanka tana kan hanya. Kuskuren da na gaji da gyara shi shi ne auna ƙarfin ƙungiya da yawan jama'ar ƙasarta ko da sunan tawagar ƙasar, alhali a fili mutum goma sha ɗaya ne ke fuskantar goma sha ɗaya. Tawagar babbar ƙasa tana cike da 'yan wasan da ke Turai, waɗanda ko ɗaya ba zai sa rigar ƙungiyarka ba, yayin da a ƙaramar ƙasa sau da yawa ƙungiya ɗaya ce ke tattare mafi yawan gwanayen gida, suna atisaye tare shekara da shekaru har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya tun kafin ya ɗaga kai.

Dubi Jwaneng Galaxy ta Botswana, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 3 ba. A 2021 Simba ta Tanzaniya ta bi ta har gida ta doke ta da ci 2-0, magoya baya suka fara lissafin wasannin rukuni, sai Galaxy ta je Darussalam ta ci 3-1, ta wuce da ƙwallayen waje, wato da jimillar ta zama 3-3 sai aka fifita wadda ta fi zura ƙwallo a gidan abokiyar karawa. A 2023 ta fitar da Orlando Pirates ta Afirka ta Kudu a bugun fenareti, sannan a wasan rukuni ta doke Wydad ta Maroko da ci 1-0 a ƙasarta. Haka Teungueth ta Senegal, wadda ba kowa ya san sunanta ba, ta fitar da Raja Casablanca ta Maroko a 2021.

Maganar asiri kuwa tana ɓata mini rai, domin ita ce mayafin da shugabannin ƙungiyoyi ke rufe sakacinsu da shi. Ƙungiya ta lashe gasar gida, ta sayar da gwanayenta, ta kwaso sababbin 'yan wasa ana saura 'yan makonni, ta shiga fili a watan Agusta ko Satumba alhali gasar ƙasarta ba ta fara ba, ƙafafu sun yi nauyi; ga bashin albashi, ga tafiyar da aka shirya a makare har 'yan wasa su kwana a kujerun filin jirgi. Idan aka sha kashi, sai wani mai sharhin da bai taɓa kallon wasan abokan karawar ba ya ce an binne laya a raga. Kuɗin da ake kai wa boka ya isa a tura mutum guda ya kalli wasanninsu biyu, ya dawo da bayanin yadda suke bugun kusurwa.

Asarar kuma ba ta ƙungiyar kaɗai ba ce. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, tana bai wa ƙasashe 12 da ke saman jadawalinta na shekara biyar gurbi biyu a wannan gasa, sauran kuwa gurbi ɗaya, kuma ba a fara tara maki sai an shiga rukuni. Duk ƙungiyar da aka fitar a share fage ta dawo wa ƙasarta hannu rabbana, kuma idan hakan ya maimaitu, gurbi na biyun zai iya suɓucewa.

Saboda haka ku magoya baya, ku daina murnar sunan abokan karawa, ku matsa wa shugabanninku da tambaya: wasannin sada zumunci nawa aka buga, an biya albashi, yaushe za a tashi zuwa wasan waje? Ku kuma cika fili a wasan gida, ku tuna wa masu tsaron baya cewa ƙwallo ɗaya da baƙi za su zura a ragarku tana iya rusa aikin minti 180.