Siram ko man danshi? Ga abin da na gani a fuskata

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce fuskarki mai maiƙo ce, ga tabon ƙuraje a kumatu, kuma kuɗin hannunki ba za su isa siram da man danshi a lokaci ɗaya ba, kina tambayar wanne za ki fara saya. Ni dai cewa zan yi ki fara da man. Irin fatarki gare ni, kuma na bi ɗaya hanyar na ga yadda ta kaya.

Shekara uku ke nan da na taɓa daina shafa mai a fuska gaba ɗaya, a ganina mai maiƙo me za ta yi da ƙarin mai. Na sayi siram na hayaluronik asid a watan Disamba, hunturu ya kankama a nan Kano. In na shafa da safe fuska ta yi sulɓi, amma kafin azahar ta ɗaure tamau, gefen baki yana saɓa, goshi da hanci kuwa suna ƙyallin maiƙo fiye da da. Har na fara zargin jabu aka sayar min. Sai da na je wajen likitar fata saboda ƙurajen, ita ta warware min: hayaluronik asid kamar soso yake, jawo ruwa yake ya riƙe a saman fata. In ba a rufe shi da mai ba, iskar hunturu za ta kwashe ruwan, kamar yadda take busar da shanya cikin ɗan lokaci. Ta ce maiƙo daban, ruwa daban. Fata tana iya yin naso alhali ƙishirwa take ji.

To bambancin ke nan. Man danshi aikinsa tsare ruwan da ke cikin fata da gyara garkuwarta, kuma kowace irin fata na buƙatarsa kullum. Siram kuwa ruwa-ruwa ne mai ɗauke da sinadari mai ƙarfi, an yi shi don wata matsala guda: tabo, maiƙo, ko tamoji. Abin ƙari ne a kan mai, ba ya maye gurbinsa.

Ke mai maiƙo, ki nemi man danshi marar nauyi, irin mai kama da jel, wanda ke da gilisarin ko seramaid, sinadaran da ke taimaka wa fata riƙe danshi, kuma aka rubuta a jikinsa cewa ba ya toshe ƙofofin fata. Man kwakwa ni dai ƙuraje yake feso min, na bar shi a gashi. Ƙanwata kuwa busasshiyar fata gare ta mai gautsi, ita mai kauri take so, kuma da hunturu tana ɗora ɗan man kaɗe ko basilin da daddare, ya karɓe ta sosai. Da zafin Afrilu ita ma sai ta sassauta.

In Allah Ya hore miki kuɗin siram daga baya, niyasinamaid zan ce ki duba, wato bitamin B3, don yana rage maiƙo yana kuma taimaka wa tabo. Kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari ya wadatar. Akwai masu kashi 10 irin na kamfanin The Ordinary, amma wasu yana sa musu raɗaɗi. Bitamin C ma yana aiki a kan tabo, sai dai ba ya jure zafi da haske, ga yanayin wutarmu da ba ya barin a dogara da firij. Nawa a kan madubi na ajiye shi, kafin ya kai rabi ya koma ruwan goro, ƙarfinsa ya tafi. Ɗigo biyu ko uku na siram ake shafawa bayan wanke fuska, sannan a bi da mai. Ki ba shi sati 8 zuwa 12 kafin ki yanke hukunci. Kuma in kina fita rana ba man kariya daga rana mai lambar ƙarfi SPF 30, tabon nan zai riƙa dawowa ko wane siram kika saya.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗannan haɗe-haɗen da ake ɗurawa a kwalba ba rubutu, a ce siram ne mai sa haske cikin sati ɗaya. Don Allah ki guje su. Abin da ke sauya launi da saurin nan yawanci sitiroyid ne ko haidrokwinon, wani ma har da makuri, bilicin ne da sabon suna. Na ga fuskar da ta yi sirara, jijiyoyi suka fito, ƙuraje suka ninka bayan an daina. Ki duba jerin sinadarai da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In kina da juna biyu kuma, kada ki kusanci duk mai ɗauke da retinol, wani nau'in bitamin A.

Duk abin da kika saya, ki fara gwada shi a bayan kunne kwana biyu ko uku. Sannan ki faɗa mana wane sabulu kike wanke fuska da shi, don nawa sabulun mai kaifi shi ma ya taimaka wajen busar da ni, sai da na canza shi man ya fara nuna aikinsa.