Amsar bidiyon masu shafa toka a bakin kogin Indiya

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na ga bidiyon da kika turo da safe, na mutanen nan da suka shafe jiki da toka suna tururuwa zuwa bakin kogi, da tambayarki wai mahaukata ne ko mabiya Buda ne. Ko ɗaya babu. Ni dai a fahimtata abin da kike son ji shi ne, me zai sa mutum da hankalinsa da gidansa da iyalinsa ya watsar da komai ya kama hanya har ƙarshen ransa. Shi zan amsa, ku yi haƙuri muryar za ta yi tsawo.

Waɗancan 'yan Hindu ne, sadu ake ce musu. Taron kuma Kumbh Mela ne, babban bikinsu na wankan ibada a kogi, irin wanda aka yi a Prayagraj farkon 2025, inda kogin Ganga ya haɗu da Yamuna. Su a tsarinsu na gargajiya rayuwar namiji zango huɗu ce. Yana yaro yana gaban malami. Ya girma ya yi aure, ya nemi abinci, ya riƙe gida. In ya ga furfura, ya ga jika, sai ya fara janye hannunsa daga harkar gida. Na ƙarshen shi ne sannyasa, kuma a nan maganar take. Wanda zai shiga wannan zango, shi da kansa yake yi wa kansa bikin mutuwa tun yana numfashi. A sauya masa suna, ya ɗaura ƙyalle ruwan lemo, ya ɗauki sanda da butar ruwa, shi ke nan. Ba gado, ba gida. Shi ya sa in ya mutu galibi ba a ƙona shi kamar sauran, binne shi ake yi ko a sa shi a kogi, don a wurinsu an riga an yi masa wancan.

To me yake gudu? Mu abin da ke gabanmu mutuwa ce ɗaya, sai kabari, sai hisabi. Su kuwa sun yarda mutum yana mutuwa a sake haifarsa, ya mutu a sake haifarsa, gwargwadon aikinsa, abin da suke kira karma. Dawowar ita ce tashin hankalinsu. Burin mai neman shi ne ya fita daga wannan kewayen kwata-kwata, moksha ke nan. Amma kada ku ɗauka duk Bahinde haka yake. Waɗanda muka yi karatu da su a can, neman aiki da kuɗin haya ne a gabansu kamar kowa. 'Yan tsiraru ne ke bin wannan hanya, kuma wasu ba sa jiran furfura. Wani shahararren malaminsu, Ramana Maharshi, yana ɗan shekara 16 ya bar gida a 1896, ya hau jirgin ƙasa ya tafi Tiruvannamalai, gindin wani dutse da suke girmamawa, bai sake barin garin ba har ya mutu a 1950.

Yauwa, sai Buda. Sunansa Siddhartha Gautama, ɗan sarautar ƙabilar Shakya, an haife shi a Lumbini, cikin Nepal ta yau, ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Akwai ginshiƙin dutse da Sarki Ashoka ya kafa a wurin, yana nan har yanzu da rubutunsa. Labarinsu ya ce ubansa ya killace shi a fada don kada ya ga wahala. Da ya fita gari sai ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa, ya ga wani mai yawon neman gaskiya da ƙoƙon bara. Ya ce to in ƙarshen kowa ke nan, ni me nake yi a nan? Yana da shekara 29 ya fice da dare, ya bar matarsa Yasodhara da jaririnsu Rahula.

Tsaya ma, kafin in wuce. Wannan mutum-mutumin mai ƙaton tumbi yana dariya, wanda ake ajiyewa a gidajen abincin 'yan Sin, don Allah ku daina cewa Buda ne. Na faɗa a gurup ɗin nan bara, wani ya yi ta musu da ni har da turo hoto daga Facebook, wai ga hujja. Ba shi ba ne! Wancan Budai ne, wani ɗan zuhudu na ƙasar Sin da ya rayu wajen ƙarni na 10, shekara fiye da dubu tsakaninsu, ƙasa daban, mutum daban. Abin yana ba ni haushi domin ya juya labarin gaba ɗaya. In kana son ganin yadda mabiyansa suka sassaƙa Buda na ainihi a lokacin nemansa, ka nemi hoton wanda ke gidan tarihi na Lahore a Pakistan. Haƙarƙari a waje kana iya ƙirgawa, idanu sun faɗa rami, ciki ya manne da baya, jijiyoyi sun fito raɗau. Ina tumbi a nan? Kuma mai musun har yau bai ce komai ba, yana dai karantawa, na sani.

Ina nake ma? Eh, neman. Ya fara zuwa wurin malamai biyu, Alara Kalama da Uddaka Ramaputta, ya ƙware a abin da suke koyarwa na tattara hankali, har suka yi masa tayin jagorancin almajirai. Ya ce bai ga abin da ya fito nema ba. Sai ya koma azabtar da jiki tare da wasu abokai biyar, yunwa har ya kusa mutuwa. Shekara 6 ke nan da barin gida. A nan ne abin da ya fi burge ni ya faru. Wata mace, Sujata, ta kawo masa shinkafa dafaffiya da madara, ya karɓa ya ci. Abokan nan biyar suka ce ya karaya, suka tafi suka bar shi. Ku duba fa, mutumin da mutuncinsa duka ya rataya a kan yunwa, ya yarda a gaban mutane cewa yunwar ba ta kai shi ko'ina ba. Wallahi wannan ya fi barin fada wuya. Daga nan ya fito da abin da suke kira hanyar tsakiya, ba holewa, ba azabtar da kai.

Ya zauna gindin wata bishiya dangin ɓaure a Bodh Gaya, jihar Bihar, yana da shekara 35, a nan suka ce ya farka. Na je wurin. Za ka ga 'yan Tibet da faffaɗan katako a shimfiɗe, mutum ya miƙe ya kwanta rub da ciki ya tashi, ya sake, tun safe, katakon har ya yi santsi saboda gogar hannu. In ganye ya faɗo daga bishiyar sai ka ga tsohuwa ta yi wuf ta ɗauke ta sa cikin littafi.

A nan mutane suke tsayar da labarin, alhali rabinsa ne. Ya taka zuwa Sarnath kusa da Varanasi, ya nemo waɗancan biyar da suka guje shi, su ya fara koya wa: rayuwa akwai ƙunci, tushen ƙuncin kwaɗayi ne, ana iya kashe shi, ga hanyar mai rassa 8. Shekara 45 yana yawo a ƙasa da ƙoƙonsa yana koyarwa, har ya rasu a Kushinagar yana da 80. Kuma ya saɓa da 'yan Hindu a babban abu: su sun ce akwai rai dawwamamme a cikin mutum, atman, shi ya ce babu. Bari dai in bar wannan, zai ja mu da nisa.

Baffa, na ga ka rubuta ina ruwanmu da wannan. Allah ya ƙara girma, ba aƙidarmu ba ce, ban ce kowa ya ɗauka ba. Amma Albiruni, malaminmu ne Musulmi, ya koyi Sanskrit, tsohon harshen littattafan Indiya, ya rubuta abin da Indiyawa suka yarda da shi tun wajen 1030, bai rage masa imani ba. Kuma wanda ya san ƙissar Ibrahim ɗan Adham da ya bar sarautar Balkh, ya san irin wannan ƙishirwar ba baƙuwa ba ce.

Inda ni zuciyata ba ta kwanta ba shi ne iyali. Mace da ɗanyen jego a wayi gari ba miji, Hajiya ke kin fi ni sanin nauyin wannan. Su ma littattafansu ba su ɓoye ba. Da Buda ya dawo garinsu Kapilavastu ya ɗauki ɗansa Rahula, yaro ɗan shekara 7, ya sa shi cikin almajiransa, uban Buda, Sarki Suddhodana, ya zo ya faɗa masa irin ciwon da ya ji, ya roƙe shi kada a sake karɓar yaro ba da yardar iyayensa ba. Ya amince, dokar tana nan a wurinsu har yau. Maganar ƙona gawa a Varanasi da wani ya tambaya, sai bayan isha'i in Allah ya kai mu.