Hukuncin Kocin Da Ke Dukan Yara Da Sunan Ƙara Musu Ƙaimi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana mai shekara 13 yana buga ƙwallo a wata ƙungiyar yara a nan cikin birni, wajen Ƙofar Na'isa. Duk wanda ya ɓarar da ƙwallo, kocinsu sai ya zage shi ta uwa ta uba, ya sa shi tsallen kwaɗo cikin rana, ya hana shi ruwa, wani lokacin har da dorina. Da na yi magana ya ce haka ake ƙera ɗan wasan da zai buga wa Kano Pillars. Shin hakan ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya shirya mana zuri'a.

Sai mu raba wahalar horo da azabtarwa. Koci ya sa yara gudu da sassafe, ya maimaita musu atisaye har su gaji, ya ajiye malalaci a benci, ya ɗaga murya don a ji shi, duk babu laifi matuƙar jikin yaro zai ɗauka. Annabi (SAW) da kansa ya wuce wasu mutanen ƙabilar Aslam suna gasar harbin kibiya ya zuga su da cewa: "Ku yi harbi, 'ya'yan Isma'ila, lallai babanku maharbi ne." Bukhari ya ruwaito. Da yabon asalinsu ya ƙara musu ƙaimi.

Abin da ka siffanta kuwa haramun ne. Ashar dai ba ta buƙatar dogon bayani: zagin Musulmi fasiƙanci ne kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim, balle a haɗa da iyayen da ba su san an yi ba.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne duka, don za a ce ai a makarantar allo ma ana bulala. To, malamanmu na Malikiyya ba su sakar wa ko malamin Alƙur'ani mara ba. Ibn Sahnun na Ƙairawan ya ce kada malami ya wuce bulala 3 sai da izinin uba, kuma don amfanin yaro, ba don huce haushi ba. Wannan fa a kan karatu da ladabi ne. Ƙwallo abu ne da aka halatta kawai, ba wajibi ba, kuma yaron da ya buga fenariti ta fita waje bai saɓa wa Allah ba, bai yi rashin kunya ba. Wane laifi ake ladabtar da shi a kai? Galibi ma idan ka duba, haushin an cinye ƙungiyarsa ne koci yake saukewa a bayan ɗan mutane.

Tsayar da yaro a rana da hana shi ruwa ya fi dorinar haɗari. Wanda ya san zafin Kano a watan Afrilu, lokacin da yake haura digiri 40, ya san yaro zai iya yanke jiki ya faɗi. Annabi (SAW) ya ga wani sahabi, Abu Isra'ila, tsaye a rana saboda bakance, sai ya ce a umarce shi ya zauna ya shiga inuwa. Idan ba a yarda baligi ya yi wa kansa haka da sunan ibada ba, ina ga a yi wa yaro saboda tamaula? Ƙa'ida ita ce ba cuta ba cutarwa. Idan kuma yaro ya ji rauni ta wannan hanya, kocin ne zai ɗauki lamunin abin da ya jawo, yardar da uba ya yi a koya wa ɗansa wasa ba za ta wanke shi ba.

Kai kuma amana ce a wuyanka. Ka same shi a keɓe, ba gaban yara ba, ka yi masa nasiha. In ya ƙi, ku haɗu da sauran iyaye ku kai wa masu ƙungiyar ko mai unguwa. In abin bai sauya ba, wajibi ne ka cire ɗanka ka nema masa wata ƙungiyar, ko da zai yi kuka.

Wallahu a'alam.