Motata tana ɗigar baƙin mai, in sauke inji ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2005, ta haura kilomita 300,000. Kullum da safe sai in tarar da tabon baƙin mai a inda ta kwana. Bakanike ya leƙa ƙasa, ya ce sil ɗin bayan inji ne, wato robar da ke tare mai a mahaɗar inji da giya, sai an sauke giya. Abokina kuma ya ce in sayi injin tokumbo in huta. Wacce zan ɗauka? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ɗauki ko ɗaya tukuna. Inda ka ga mai yana ɗiga ba lallai ne nan ya fito ba. Gangarowa yake yi daga sama, iska kuma ta kora shi baya idan ana gudu, har ya taru a mahaɗar inji da giya. Duk wanda ya leƙa daga ƙasa sai ya rantse sil ɗin baya ne, alhali wataƙila robar da ba ta kai kuɗin cefanen kwana biyu ba ce ta bushe a can sama.

Fara da kwali. Shimfiɗa shi ƙarƙashin motar da daddare, ka duba da safe. Baƙi ko ruwan ƙasa, galibi na inji ne. In ja ne, man giya ne ko na sitiyari, magana ta canza.

Sai ka kai a wanke injin tas, bayan ya huce, a rufe alternato da wayoyi. In ya bushe ka yi tafiyar minti 20, a hau rami da tocila, a bi sawun man har wurin da ya fi tsayi da ya jiƙe. In sawun bai fito ba, a barbaɗa farar hoda a inda ake zargi. Mai zai zana layinsa a kai.

A injin wannan mota, wato 1ZZ, wurare biyu nake fara zargi. Na farko gaskit ɗin murfin saman inji. Zafi da shekaru suna mayar da shi kamar busasshen kilishi, kuma idan kana jin ƙaurin mai yana ƙonewa bayan tafiya, sau da yawa shi ne ke zubar da mai a kan salansa. Na biyu wata 'yar robar zobe ce a jikin abin da ke ɗame sarƙar taimin, ta bayan inji. Ta yi suna wajen yoyo a waɗannan motoci, noti biyu ne kawai ke riƙe da abin, amma an sha sa mutane su buɗe inji saboda ita. A kuma duba filta, da suwic ɗin fitilar mai, da washar notin juye mai, wadda masu juye mai ba sa son canzawa.

Ka sa a ciro bawul ɗin PCV, wanda ke fitar da iskar da ke taruwa a cikin inji, a girgiza. In bai yi ƙara ba ya toshe, iska ta rasa mafita tana tura mai ta kowace kafa, ko sabon sil aka sa zai sake yoyo.

In bayan wanka saman ya zauna a bushe, man kuma daga cikin mahaɗar yake fitowa, to bakanikenka ya yi gaskiya. Ko a nan ma lissafi ne: sil ɗin ba tsada, aikin sauke giya ne kuɗin. Ɗigo biyu a dare, ni zan ci gaba da duba gejin man inji kowace safiya, in jira ranar canza kuloci in motar mai giyar hannu ce, a yi aikin tare. In mai yana sauka sosai cikin mako guda, kada ka jira.

Ruwan tsayar da yoyo na kwalba kumbura roba yake yi na ɗan lokaci, ba ya ɗinke wadda ta tsage. Tokumbo kuwa, ba ka san kilomita nawa ya ci ba, robobinsa ma tsofaffi ne. Sai in naka yana buga ƙara, ko yana fitar da shuɗin hayaƙi yana shanye mai, sannan maganar abokinka ta taso.